Jakin da Ya Zauna a Bakin Rijiya

Kakarmu Hajjo ba ta iya tatsuniyar da ake ƙarewa lafiya ba. In ta buɗe baki, ko kusu ne a cikin labarin sai ya bar kunne ɗaya a ƙasa. A ƙauyenmu na cikin duwatsun Allakaye, da an kwashe tuwon hatsi, mu jikoki mukan kewaye wutar kara, ita kuma tana tsakiya da muciya a hannu, don mai gyangyaɗi.

"Ga ta nan, ta gangaro daga dutsi," in ji ta.

"Ta iso mu gan ta, Kaka!"

Wadda ta fi kama ni ita ce ta Tanko da ƙanensa Jibo, maginan rijiya. Rijiyar garinsu, a faɗarta, in ka saki dutse ran kasuwa, sai wata kasuwar ta zagayo kake jin ƙararsa. Wata rana Jibo yana can ƙasa yana yasa, bango ya ɓalle, wani falalen dutse ya danne masa ƙafa. Ya ɗaure igiya a dutsen da ƙugunsa, ya kwarara ihu. Mazan gari suka ja har tafin hannunsu ya saɓule, dutse bai motsa ba, ƙasa kuma tana ta zubo wa Jibo a ka.

Sai Tanko ya kawo ƙarfin garin duka: raƙumi, bijimi, doki da jaki.

"Ku sani, ɗiyana," in ji Kaka, "su huɗun ga, da can hwarko dabba guda ce. Duniya tana da zahi lokacin. Da ta huce, sai dabbar tat tsage huɗu, kowa yak kama gabanai, suna ƙin juna."

Tanko ya ɗaure su a igiya ɗaya. Nan yaƙi ya tashi. Raƙumi ya kafa wa doki haƙori a wuya ya ɗebo tsoka. Doki ya yi harbi, ya samu wani dattijo a baki, haƙoransa suka watsu kamar gero a masussuka. Bijimi ya sunkuya ya farke wa raƙumi ciki. Jini ya jiƙe igiya, Jibo yana ƙasa yana jin ɗiga a fuskarsa, yana zaton ruwan sama ne. A nan Kaka takan dafe muciya ta yi kukan raƙumi, har karen maƙwabta ya amsa.

Da Tanko ya ga bulala ba ta aiki, sai ya cinna wa kara wuta a bayansu. Da zafi ya taɓa wutsiya, raƙumi da bijimi da doki suka manta gaba, suka zabura gefe guda. Igiya ta miƙe, dutse ya taso, har aka hango yatsun Jibo sun kama bakin rijiya.

Jaki kuwa, mafi ƙanƙantar su, sai ya zauna. Wuta tana cin gashinsa, bai tashi ba.

"Tashi, ɗan banza!" in ji Tanko.

"Ni ba ni ja da ƙasa," in ji jaki. "Inda taj ja, nan ni ka ja."

Igiya ta tsinke daidai ƙullinsa. Bakinta ya dawo ya share wa Tanko kunne. Yatsun Jibo suka ɓace.

Muka tashi mata da kuka. "Kaka, a hiddo shi! Ba haka a ka ƙare tatsuniya ba!"

"In kun girma ku hiddo shi," in ji ta, tana ture toka a kan garwashi. "Kan kusu ya ƙone, kowa shi tai shi kwanta."

Na girma, na yi tumbin da ba zai shiga kowace rijiya ba, yau ina koyar da kimiyyar fizik a wani lise, wato makarantar sakandare, a Madawa. Ranar da na fara karanta cewa duk abin da ke motsi a duniya ƙarfi huɗu ne ke riƙe da shi, dariya ta kusa kayar da ni daga benci. Akwai na lantarki da maganaɗisu. Akwai wanda ke ɗaure cibiyar ƙwayar zarra tamau, da wanda ke sa ta rugujewa a hankali. Sai na huɗu, wanda ke jawo komai zuwa ƙasa. Masana suna neman bayani guda da zai ɗaure su duka. Dabararsu ma ta Tanko ce: suna gwara ƙwayoyi da juna a cikin wani rami mai zagaye har su tarwatse, don su ga yadda abin yake in zafi ya kai. Na lantarki da na rugujewa sun nuna asalinsu ɗaya ne. Mai ɗaure cibiya ya yarda ya shiga igiya, ko da yake yana cizo. Na huɗu, wanda ya fi su rauni, wanda maganaɗisu ɗan mitsitsi ke ƙwace wa allura, shi ne ya zauna. Manyan kawuna sun yi furfura a bayansa, har yau bai tashi ba.

Na daɗe ina ba ɗalibai wannan labari don raha. Sai ranar da muka binne Kaka, innata ta nuna mini wani tudun duwatsu a bayan gari, inda ba a noma. Ta ce tsohuwar rijiya ce. Ta ce Kaka tana da ƙane mai suna Jibo.

Bara, ina cikin bayanin ƙarfin nan huɗu, wata ɗaliba mai baki kamar reza ta ɗaga hannu a aji.

"Malam, to in anka gama su wuri guda, mi za a samu? Hatsi?"

Na buɗe baki zan yi mata barkwancin da na saba, sai na fasa. Na ajiye alli.

"Ɗiyata," na ce, "akwai mutum cikin rijiya."