Tsagar da na ɗinke a Ruwais

Ni dai ba na iya ganin yagaggen ƙyalle in wuce shi. Inna ce ta sa mini wannan ciwon tun ina yarinya. In ta ga tsaga a rigarki ba za ta yi miki faɗa ba, allura kawai za ta miƙo miki, ta tsaya a kanki har ki gama. Da wannan halin na zo Jidda, kuma shi ne ya kusa raba ni da Inna.

Umra muka zo ni da Inna. Da muka gama ibada sai ta ce ita fa ta zo ke nan, a ƙasar nan take so a binne ta. Ƙafafunta sun riga sun fara kumbura, ba ta da wata 'ya mace sai ni, to ina zan tafi in bar ta? Muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Mahjar, bizarmu ta ƙare, muka shiga sahun masu zama babu iƙama, wato takardar izinin zama. Wanda bai taɓa irin wannan zaman ba, abu ɗaya zan gaya masa: ba ka son kowa ya tambayi sunanka. In an tambayi suna, takarda za a tambaya, in babu takarda kuma sai tarhil, a tsare ka a saka ka a jirgi. Ni jirgin bai dame ni ba. Abin da ke tsinka mini zuciya shi ne a ɗauke ni daga wurin aiki, Inna tana kwance kan katifa tana jiran in dawo in kama ta zuwa banɗaki.

A wani shagon labule nake ɗinki a unguwar masana'antu ta Jidda. Shekarata bakwai a can, ranar nan mai shagon ya tura ni unguwar Ruwais, wani gida da ake baje kolin zane-zane, in auna tagogi in kalmasa labulen a wurin. Mai kula da gidan mace ce, haifaffiyar Jidda, kakanninta mutanenmu ne da suka zo aikin hajji a ƙafa. Mudira muke ce mata, wato shugaba. Hausa tana jin ta tas, amma in ta tashi magana rabi Larabci ne. Kallo ɗaya ta yi mini ta san matsayina, ba ta kuwa taɓa tambaya ba.

Zanen wata tsohuwar Ba'amurkiya za a nuna. Leburori sun buɗe akwatunan katako, sun jingina zanen a bango, kowanne ya fi ƙofar ɗakinmu girma. Na tsaya ina neman mutum ko itace ko raƙumi a ciki, babu ko ɗaya. Launi ne kawai, ja ya hau baƙi, ruwan ɗorawa ya tsiyayo ƙasa ya bushe a hanya. A raina na ce da ni na zubar da fenti haka a gidan mutane, da sai an sa na goge da hannuna. Da na matsa kusa sai na ga abin da na sani. A ƙarƙashin fentin an liƙa tsummokara: tawul ɗin goge hannu, ƙyallen sauke tukunya, hannun rigar mace. Mudira ta ce tun matar tana ƙuruciya take bi gida-gida tana karɓar tsumman mata tana sakawa a aikinta. Ta ce a lokacin malamanta sun gaya mata babban zane aikin maza ne, masu nuna zane kuma suka yi ta rufe mata ƙofa, sai da gashinta ya yi fari duniya ta tashi nemanta.

Da aka kira azahar leburori suka tafi masallaci, Mudira ta hau sama, aka bar ni ni kaɗai da labule. Na idar da salla a lungu, ina naɗe darduma idona ya faɗa kan mafi girman zanen. A tsakiyarsa akwai wani farin ƙyallen tebur mai ɗigon shuɗi, fenti bai rufe shi duka ba, ga tsaga a jikinsa ta kai taki guda, bakinta a wage, zare na reto.

Da safe na ga leburorin nan suna zare ƙusoshi suna gardama, biyu daga cikinsu 'yan unguwarmu ne, kuma yadda nake haka suke. Nan take na yanke cewa ƙusa ce ta kama ƙyallen. Na hango abin da zai biyo baya: a kira 'yan sanda, a tara duk wanda ya shigo ɗakin, a ce kowa ya fito da iƙamarsa. Ban yi shawara da kowa ba. Na zaro farin zare daga gefen labule, na ɗauki allurata mafi siriri, na durƙusa. Irin ɗinkin da Inna ta koya mini na yi, wanda ake kama zare ɗaya daga nan, ɗaya daga can, har bakin ya haɗu ba tare da ƙyallen ya tattare ba. Kafin a dawo daga masallaci na gama. Na ja baya na duba, wallahi har daɗi na ji, don ko ni sai da na nemi wurin. Na koma kan labulena ina ganin na ceci mutane.

Washegari ina shiga na tarar da Mudira tsaye gaban zanen, hoto a hannunta, fuskarta ta canza. Ashe kowane zane da hotonsa yake zuwa, ana gwadawa a ga ko ya sami rauni a hanya. Ta juyo ta ce, "Ya ukhti, zo ki gani. Fi mushkila kabira, babbar matsala. A hoton akwai tsaga, a nan babu. Ina tsaga ta tafi?"

Na karɓi hoton. Ga tsagar nan, bakinta a wage, har da zaren da ke reto. Haka aka yi ta, haka ta tsallako teku, ni ce na zo da iyayina na rufe. Na zauna a kan akwati.

"Ke ce?" in ji ta.

Na ce ni ce. Ɓoyewa ba ta da amfani, akwai kyamara a kowace kusurwa, kuma in na yi shiru kan leburori abin zai faɗa.

Ta dafe kai. "La haula. Yaya, kin san me kika yi? Lazim, dole in rubuta rahoto ga kamfanin inshora, su kuma sai sun ce wa ya taɓa, da sunansa da lambar iƙamarsa. Illa iza, sai dai in mai zanen ta sa hannu ta ce ta yarda. Yau za ta zo, bayan la'asar."

Tsakanin safiya da la'asar ɗin nan na ɗinka labule uku, duka sai da na farke su daga baya. Na yi tunanin guduwa, amma mai shagonmu ya san ƙofar ɗakina. Na buga wa maƙwabciyarmu waya na ce in ban dawo da magariba ba ta ba Inna maganinta, ƙwaya ɗaya fara, rabin ja. Ta tambaye ni lafiya, na ce aiki ne ya yi yawa.

Tsohuwar ta zo da sanda, 'yar ƙarama, gashinta a aske kamar na namiji, bakin faratanta duk fenti. Mudira ta yi mata bayani da Turanci. Tsohuwar ta nufi zanen. Ta sa tabarau, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa ƙyallen, ta daɗe a haka. Sannan ta sa aka juya zanen ta duba bayansa. Ni dai ina tsaye ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da ta juyo idanunta sun yi ja, na ce shi ke nan, tawa ta ƙare.

Ta yi magana mai tsawo, Mudira tana mayar mini. Ƙyallen teburin mahaifiyarta ne. Mahaifiyar ta iya zane, amma ta ƙare rayuwarta tana wanki da faci a gida, ba wanda ya taɓa ganin aikinta. Bayan ta rasu, ita 'yar ta ɗauki ƙyallen ta keta shi da hannunta don haushi, ta liƙa a nan. Shekara arba'in masana suna rubutu a kan wannan tsagar.

Na ce, "Ki gaya mata ta yi wa Allah ta yi haƙuri. Zan farke shi yanzu, ba za a ga alama ba."

Tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce kada wanda ya taɓa. Ta ce da mahaifiyarta ta shigo ɗakin nan, abin da za ta yi ke nan, ba za ta tambayi kowa ba, kuma ita ba ta ƙara ganin irin wannan ɗinkin ba tun da aka binne ta. Sai ta yi dariya tana share ido, ta ce a kawo takardar ta sa hannu.

Numfashina bai gama sauka ba ta ɓullo da wata. Wai yanzu aikin na mutum biyu ne, don haka sai an rubuta sunana kusa da nata a bango, a buga a littafin baje kolin, in 'yan jarida sun zo ranar buɗewa in tsaya a gefenta. Har ta ciro biro tana jira.

Na ce a'a.

Ta ɗauka kunya ce. Ta kama hannuna ta shiga yi mini wa'azi. Ta ce duk rayuwarta a kan wannan ta yi faɗa. Mata sun yi saƙa, sun yi ɗinki, sun yi rini, an rataye aikinsu a manyan gidaje an rubuta ba a san mai shi ba. Ita ba za ta yi wa wata mace haka ba, ba za ta sa hannu a takardar da ta shafe ni ba. Gaskiya ta faɗa, na sani, amma a lokacin raina ya ɓaci ƙwarai. Mace ta ƙoshi da fasfo, ta zo tana koya mini amfanin suna!

Na ce wa Mudira, "Ki faɗa mata yadda na faɗa, kada ki sa masa sukari. Ita sunanta a bango ya kai ta Jidda. Ni nawa a bango filin jirgi zai kai ni. Ina da uwa a Mahjar da ba ta iya tashi sai na ɗaga ta. In tana son ta yi mini alheri, ta manta ta taɓa ganina."

Mudira ta leƙa ƙofa, ta rage murya, ta fassara. Ina jin ta ƙara da nata bayanin, don na ji ta ambaci iƙama da kafili, ubangidan da ke tsaya wa baƙo. Tsohuwar ta saki hannuna. Na ga abin yana yi mata ciwo. Daga nan ta jawo takardar, ta rubuta cewa zanen yana yadda take so, gyaran da saninta aka yi, ta sa hannu. Mudira ta ninke takardar ta ce, "Halas. Ma fi rahoto, babu rahoto ke nan. Yalla, Yaya, je ki gida."

Sai a lokacin kuka ya zo mini, na yi shi sosai ba kunya, a gaban Baturiya da leburori. Tsohuwar ta tambaye ni abu ɗaya kafin in fita, wa ya koya mini ɗinkin. Na ce uwata. Ta ce to a gaida ta, ita ma ba sai an faɗi sunanta ba.

Na isa Mahjar ana kiran magariba. Inna tana jingine da bango, maƙwabciya ta riga ta ba ta maganin. Na zauna na kwashe labarin duka na gaya mata, ina jiran ta yi salati. Ta gama ji ta ce, "Ta baya kika ƙulle zaren ko ta gaba?"

Na ce ta baya.

Ta ce, "To, Alhamdulillahi. Kama ni in yi alwala."

Ban je ranar buɗewa ba. Mudira ta nuna mini hoton a waya, tsohuwar tana tsaye da sandarta gaban zanen, sunanta ita kaɗai a bango, fuskarta ba walwala. Na ji tausayinta, don na san ta karya dokar da ta kafa wa kanta ne saboda ni. An ce zanen ya koma Amurka da ɗinkina a jikinsa, kuma duk wanda ya tambaye ta wa ya yi, cewa take ta yi alkawari.

Inna ta ƙara shekara biyu da 'yan watanni. Kullum ni nake ɗaga ta, ni nake kwantar da ita, ba ranar da ta jira ni ban dawo ba. A hannuna ta cika, wata safiyar Laraba, aka binne ta a ƙasar da ta roƙa. Likkafaninta ni na ɗinka.