Layin Karɓar Tsintsiya

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, ina zaune bisa tabarmar nan tawa a unguwar Hindawiyya, nan Jidda. Ban yi boko ba. Ni nake faɗa, 'yata take rubutawa.

Kafin in dawo Jidda wurin 'yata da mijinta, shara na yi a babban asibitin jiharmu, tun ina goyon ta har na aurar da ita. Mu arba'in ne, duk mata. Kowace safiya mukan yi layi a ƙofar sito mu karɓi tsintsiya da bokiti, kowace da lambarta bisa yadda aka ɗauke ta aiki. Mai sito ba ya wahalar da bakinsa. Wadda ta karɓi tata ita ke juyawa ta kira sunan ta bayanta, waccan ta amsa, "Ga ni bayanki." Haka har layi ya ƙare. Ni ce ta goma sha bakwai. Ta goma sha takwas wata gajeruwa ce mai tsiwa, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Muka tsufa, muka ajiye aiki, muka koma cin fansho. Ana nan, wata rana sakatariyar ƙungiyar ma'aikatanmu ta bugo mini waya.

"Iya, an kai wata doka majalisar jiha. Duk wanda ba shi da takardar kama aiki an ce ɗan wucin gadi ne. Za a cire shi daga fansho, ƙungiya kuma ba ta da bakin magana a kansa."

Na ce, "To namu takardun fa?"

"Ɗakin da aka tara su, gara ta yi walima a ciki."

Mu dama ba a taɓa ba mu takarda a hannu ba. An ce wadda ba ta karatu me za ta yi da ita?

Ban ji ta kaina ba, ina da mai ci da ni. Ta bayana na tuna. Idonta ya fara dushewa, fanshon nan shi ne ɗanta, shi ne mijinta. In aka yanke, an yanke mata tuwo.

Sakatariya ta ce ƙungiya ta matsa har kwamitin majalisa ya yarda ya saurare mu, ko za a karɓi shaidar abokan aiki a madadin takarda, ni ce kuma babba a waɗanda suka rage. Na ce a nemo mini jirgi. Surukina, haihuwar Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Umma, iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, tana wurin sabuntawa, babu fita yanzu. Halas, shi ke nan, waya za ta kai ki."

Ranar zaman 'yata ta rufe shagon ɗinkinta na unguwar Sharafiyya, ta jingine wayar a jikin fulas ɗin shayi. Na yafa mayafina na Idi. Sai ga manyan mutane da manyan riguna a cikin wayar, sun ƙanƙance kamar an zuba su a kwalin ashana.

Wani matashi a cikinsu ya fara. "Hajiya, kina ƙasa mai tsarki, ban da ƙarya. Kin iya karatu?"

"Ban iya ba, ɗana. Tsintsiya ba ta tambaye ni ba. Kai ma in a asibitin nan aka haife ka, ba ka tambayi wadda ta share ɗakin ba."

Aka yi dariya. Shugaban kwamitin, dattijo mai furfura, ya ɗago wani tsohon littafi. Na mai sito ne, gara ta ci rabinsa, shafin da aka rubuta ni da ta bayana yana cikin abin da ta ci. Ya ce zai gwada ni da abin da ya saura.

"Wace ce ta tara a layi?"

Kaina ya yi fayau, ba ko suna ɗaya. Matashin ya ce, "Kun gani ko?" 'Yata ta taɓa gwiwata: "Inna, yalla, faɗi mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na tsallake mutum a layi. A bar ni in faro daga ta ɗaya."

Na rufe ido. Warin maganin wanke ƙasa ya dawo hancina, na ji ƙarar bokitai. Na kira ta ɗaya da sunanta da na unguwarsu, ta biyu, ta uku, har ta tara. Dattijo ya duba ya ce, "Haka ne. Ta goma sha biyu fa?"

Na sake farowa daga ta ɗaya. Wani ya ce, "Yau za mu kwana a nan." Na isa, ya ce haka ne.

"Ta talatin da ɗaya."

Na faro. Da na zo sha bakwai na faɗi sunana, na kira ta bayana kamar yadda na yi shekara da shekaru. Sai wata murya mai rawa ta taso daga ƙarshen zauren:

"Ga ni bayanki!"

Ashe ƙungiya ta kwaso waɗanda suka rage a mota. Na bar musu layin. Ta bayana ta juya ta kira ta goma sha tara, waccan ta amsa ta kira ta gaba. Inda aka kira aka ji shiru, sai su haɗa baki, "Allah ya ji ƙanta," wata ta ɗauka. Dattijo yana bin su da yatsa a littafi, har ta arba'in. Duk inda shafi ya tsira, bai sami kuskure ba.

Ya rufe littafin ya ce, "Inda takarda ta rage ta gaskata su. Inda ta ɓace, me zai sa mu ƙaryata su?"

Nan ladan ya kira azahar a unguwarmu. Kafin a kashe waya ta bayana ta kutso fuskarta har hancinta ya cika gilashin. "Ke uwar son jiki, kin je kin yi ƙiba! Ina dabinon da kika ce za ki aiko?"

Doka ta fito da gyara: shaidar abokan aiki tana tsayawa inda takarda ta salwanta, masu shara kuma suna nan ƙarƙashin ƙungiyarsu.

Dattijon ya gama wa'adinsa ya koma gona. Matashin, an ce, da ya tambayi mahaifiyarsa, a asibitin nan aka haife shi. Sakatariya ta zo Umara bara, ta kwana biyu a ɗakina, ita ta tafi da dabinon. Ta bayana an yi mata aikin ido ɗaya, tana ganin hanyar kasuwa, tsiwar tana nan. Ni kuma iƙamata ta fito, amma gwiwa ta hana tafiya. Kowace Juma'a nakan kira ta a waya, tana ɗauka ta ce, "Ga ni bayanki."