Jarumin Sanusi da ba ya ɗaukar makami

"Malam, ashe ka cire ni daga ƙungiya?"

Da wannan tambayar Sanusi tela ya tare ni jiya a kasuwar Batsari, yana dariya.

Akwai wasan yaƙi da muke bugawa a waya mu biyar, kowa da jaruminsa. Mu takubba muke tarawa, shi kuwa duk makin da ya samu sai ya zuba a baiwar faɗa da hannu. Ita wannan baiwar ba sai an danna komai take aiki ba: muddin jarumi bai riƙe makami ba, naushinsa na ƙara ƙarfi da kansa. Amma kullum shi ake fara kayarwa. Da ya yi sati uku bai hau wasan ba, na cire shi, ko kiransa ban yi ba.

Na ce, "Ai kai ne da taurin kai. Takobi nawa na ba ka ka ƙi?"

Sai dariyar ta ɗauke.

"Malam, tun da 'yan bindiga suka kashe yayana a gonarmu ta Ruma, ko a waya ba na iya ɗaukar makami. Sati ukun nan kuma iyayena na kwashe zuwa Safana. Wayar ma na sayar, na saya musu masara."

Shekara guda ina yi masa ba'a, ban taɓa tambayarsa dalili ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma har yanzu na kasa buɗe wasan.

Ku fa, kun taɓa yanke wa mutum hukunci kafin ku ji ta bakinsa?