Dariyar Mai Kitso

Shewa ake ce mata, kuma ba a banza ba. Mai kitso ce, shagonta yana ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai guga. Idan ta bushe da dariya, sai mai gugan ya leƙo ya ji ko lafiya. Mata da sunan kitso suke zuwa, amma rabinsu dariyar ce ke kawo su.

Yawan haihuwa da ɗawainiyar shekaru suka sa mahaifarta ta zazzago. Ta yi ta ɓoyewa har abin ya gagari ɓoyo, aka yi mata aiki a asibiti aka mayar da komai wurinsa. Nauyin mara ya tafi, ta huta, ta dawo shago da murnarta. Ranar farko wata ta kawo labari, Shewa ta ƙyalƙyale, sai ta ji ɗumi a zaninta. Fitsari ne ya zo, ba sallama, ba neman izini.

Daga nan ta kulle bakinta. Ta koma sa baƙaƙen kaya, ta shimfiɗa tsumma a kujera, ta rage shan ruwa har leɓɓanta suka tsage. Dabarar banza ce, don fitsarin ja ya koma, ga zafi, ga kai ta banɗaki a guje. Amma abin da ya fi ci mata rai shirun ne. Za a ba da labarin da ya isa ya kayar da ita ƙasa, ita ko sai ta cije leɓe ta ci gaba da tsaga gashi.

Ƙanwarta, wadda suke aikin tare, ta gaji da gani.

"Yaya, mahaifa aka gyara miki ko baki aka ɗinke?"

Shewa ta fashe da kuka, ta faɗi komai. Washegari ƙanwar ta tasa ta gaba sai asibiti.

Nas ɗin ta saurara, ko gira ba ta ɗaga ba. "Mama, ba ɓata ki aka yi ba. Da can mahaifar ce ta danne hanyar fitsari, kamar an taka tiyo. Yanzu an ɗaga ƙafa, raunin naman wurin ya fito fili." Aka yi maganin zafin, aka ce ta sha ruwa kamar kowa, aka koya mata matse naman ƙasan mara, ta riƙe, ta saki. In hakan bai wadatar ba, ta dawo, akwai sauran hanya.

Shewa ta haɗa abin da sana'arta. Za ta kama jelar kitso ta matse, ta kai tsakiya ta saki. Da wata ta tambayi dalilin wannan ɗaure fuska, ta gaya mata gaskiya ba kwana-kwana. Ashe ba ita kaɗai ba ce! Wannan ta ce ita atishawa ke tona mata asiri, waccan ta ce hawan bene. Sai ka shiga shagon ka tarar da manyan mata sun yi tsit, ido a waje, kowa na aikin da ba a gani.

Watanni suka shige, tsumman kujera ya koma na goge madubi.

Wata rana mai gyaran waya ya shigo aron tsintsiya, fanka ta figi gashin kanti daga kan ƙusa ta ɗora masa a ka, daidai wa daida. Ya tsaya ƙiƙam, jela na lilo a kafaɗarsa. Shewa ba ta samu zarafin cije leɓe ba. Dariyar ta ƙwace, ta riƙe ciki, tana bubbuga cinya, hawaye na zuba, har mai guga ya leƙo.

Da dariyar ta lafa, sai ta tuna. Ta miƙe a hankali, ta shafa zaninta, ta dubi kujerar. A bushe take ƙayau.

Ta share hawaye, daɗi ya cika ta, ta dubi ƙanwarta. "Ke, miƙo min ruwa, cika kofin. Kai kuma malam, kar ka cire, ban gama ba."