Gwaggo Asibi da Ruwan Kanwa

Ku gafarce ni, masu karatu. Ni 'yar makaranta ce, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ba malamarmu ba, kuma sau uku ina yaga takardar nan. Amma an yi abu a gabana a kasuwar Makarfi, na ji shiru ba wanda ya faɗa, shi ne na yi ƙarfin hali.

Gwaggo Asibi maƙwabciyarmu ce a Likoro. Da ta idar da sallar asuba sai ta hura garwashi, ba don koko ba, don ƙarfen da take narka darma da shi. Kafin hantsi tabarmarta ta cika da rediyo da garmaho da tocila. Mahaifinta mai gyaran wayar tangaraho ne a tashar jirgi, a wurinsa ta koya, har hannunta ya fi nasa. Shekara ashirin ke nan tana gyara, amma sai ka ji ana cewa gidan Mamuda sun iya aiki, alhali Kawu Mamuda, mijinta, ko kan batir bai bambance da gindinsa ba.

Ana saura mako biyu zaɓe, Malam Gwadabe ya zo kasuwar Makarfi neman ƙuri'a da mota mai lasifika. Mutumin nan ya iya magana. In ya ce zai haƙa rijiya, har sanyin ruwan kake ji a maƙogwaro. Yana tsakiyar zuba sai lasifika ta yi ƙara, ta ɗauke. Direba ya bubbuga, shiru.

Malam Gwadabe ko gezau. Ya haye kan mota ya buɗe murya: "Kun gani ko? Sun ji tsoron gaskiya, sun ɗaure mini baki da asiri. Wa ya taɓa motar nan?"

Wani ya ce ya ga Iliyasu tela, ɗan ɗaya jam'iyyar, jingine da ita. Inuwa kawai ya nema, amma wa zai saurara? Aka shaƙe shi da rigarsa, sanduna suka tashi sama, 'yan doka kuwa biyu ne rak.

Gwaggo, da muka zo cin kasuwa tare, ta sauke ƙwaryarta, ta ce wa direba, "Ɗan nan, buɗe mini wajen batir."

"Inna, ba tukunya ba ce fa."

Ya dai buɗe. Ta leƙa, ta ga wani farin gari kore-kore ya lulluɓe kan batir. Ta ce, "Na ga alama. Ita tukunya ai ana wanke ta."

Ta waiwayi mai ɗanwake: "Huseina, sam mini kanwa." Ta jiƙa, ta kwance waya, ta zuba, wurin ya yi kumfa. Ta kankare, ta goge da bakin zanenta, ta ɗaure. Sai ta ɗauki abin maganar, ita da ko a tsakar gida ba ta ɗaga murya, kasuwa duka ta ji ta:

"Ku saki bawan Allah. Datti ne, ba asiri ba."

Dariya ta ɓarke. Hannaye suka saki Iliyasu. Malam Gwadabe ya karɓe ya ce, "Kun ga jam'iyyarmu, har datti take wankewa," aka tafa masa. Bai tambayi sunanta ba. Ita kuwa, kamar sauran mata, ko ƙuri'ar ba ta da ita.

Ke ce, Gwaggo, mai tada muryar da ta mutu ba ki zaɓi ta wa ba. Ke ce kika gaya mini a hanya cewa ruwan batir tsami ne, kanwa kuwa kashe tsami take, kamar a kunu. A makaranta kimiyya suke kiran wannan, sai dai maza ake koya wa, mu ɗinki. Tun ranar na ƙudurta sai na karanta ta. Na gode, Allah ya ƙara wa idonki haske. Iyaye, in kun ga 'yarku tana kwance tocila, kada ku buge mata hannu. Ku turo ta Likoro.

Jiya na je in karanta wa Gwaggo wannan. Na tarar da mahaifiyar Iliyasu durƙushe tana godiya da hawaye. Gwaggo, kanta sunkuye a cikin rediyo, ta ce, "Haba Yaya, tashi ki riƙe mini wayar nan." Na fasa karantawa. Na danne takardar da murfin kwano a gefen tabarma, na ɗauki takalmana a hannu, na sulale.