Danda da Littafin da A'i Ta Yage

Danda ƙanena ne, shi ke riƙe da ɗakin magani na Korgom tun shekarar da aka samu mulkin kai. Da anfirmen, wato malamin asibitin da ya koya mishi aiki, zai koma Maradi, sai ya bar mishi wani ƙaton littafi na Faransanci mai jar fata. Kowane magani na ciki, da cutar da yake kashewa, da yawan da za a ba babba da na yaro. Danda bai ba mutum ko ƙwaya ɗaya sai ya buɗe shi, yana bi da yatsa, leɓe na motsi.

A'i maƙwabciyarshi ta sha ganin haka ta kan darni. Ta lura in zazzaɓi aka kawo, wuri guda yake buɗewa.

Wata kaka maganin zazzaɓi ya ƙare, motoci duk sun tahi jidar gyaɗa, ba mai kawowa. Ɗan A'i, Jibo, ya kwanta jiki kamar garwashi. Danda na masallaci ta shiga ta yage shafin nan. Ita a ganinta rubutu rubutu ne, yadda ake wanke allon malam a sha. Tawadar ta ƙi fita, sai ta jiƙa takardar a ƙwarya har ta narke, ta ɗura ma yaron. Kahin a gama sussuka an rufe Jibo.

Danda bai yi mata faɗa ba. Amma tun ranar, in ya ɗora littafin bisa tebur, da kanshi yake buɗewa a wurin yagar. Ya ɗaure shi da igiya, ya aza mishi dutse, da ya kwance sai nan. Ya ce har muryar Jibo yake ji tana neman ruwa.

Da damina magani ya zo, allura ce da Danda bai taɓa yi ba. Sai ga A'i da ƴarta Furera a goye, ido ya juye.

"Malam Danda, ga ta. Ita kaɗai ta rage min."

Ya buɗe littafin, awon yara na cikin shafin da aka sha. In ya rage allurar zazzaɓi ya tahi da ita, in ya ƙara shi ya kashe ta.

"Yi mata ko yaya ne," in ji A'i.

"Inna A'i, ban yin ko yaya."

Ya kai yarinyar kan sikelin ƴan gyaɗa ya auna ta. Ya ce a riƙa shafa mata ruwa, ya hau keke cikin taɓo sai Tasawa. Mai farmasin can, mai saida magani, na da irin littafin. Da Danda ya roƙi ya kwafi shafin, sai mutumin ya yi dariya ya ce:

"Kai ɗan Korgom, awaki suka cinye naku?"

"Mutum ya sha, ranka ya daɗe."

Mutumin ya bar dariya, ya miƙo mishi alƙalami. Danda ya kwafe shafin kaf, ya juyo. La'asar sakaliya ya iso, ya iske Furera na numfashi sama-sama, ya yi mata allurar daidai nauyinta. Da safe ta nemi fura.

Jiya aka yi sunan ɗan Furera na fari, sunan Danda aka sa mishi, ni kam har rawa na taka gaban mutane. Shi ko ya ci goro ya koma ɗakin magani. Shafin da ya kwafo ya liƙa shi da ƙaro tuntuni, amma har yau nan littafin yake buɗewa, kuma sai ya ɗan tsaya kahin ya karanta.