Safiyar da Goɗiya Ta Dawo Ba Yaya Habibu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Habibu, kuma har yau idan na fito da safe na tarar da ƙanƙara ta daskare a gilashin mota, shi nake fara tunawa. Duk shekara ina niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin na san in na fara ba zan tsaya a yabo da addu'a ba. Akwai abin da ke cina game da yadda ya mutu. Bana na nemi izinin matarsa, Anti Binta, ta ce in rubuta, amma in faɗa wa mutane ƙarara cewa ba ni da tabbas. To na faɗa. Zargi ne nake da shi, ba shaida ba.

Yaya Habibu mutumin dawaki ne tun muna Katsina. A bargar 'yan polo ya girma, kuma sana'ar ce ta kawo shi Landan, shekaru kafin ni in zo karatun aikin jinya. Ya sami aiki a wata barga da ke bayan Dagenham, can gefen Landan, inda gidaje ke ƙarewa filaye su fara. Dawakin mutane ake ajiyewa a wurin, masu su kan zo ƙarshen mako su hau. Dogo ne sosai, mai ƙarancin magana, kuma sanyin ƙasar nan bai taɓa yi masa daɗi ba. Amma ya koyi hunturu kamar yadda ake koyon karatu, saboda dabbobin da ke hannunsa.

Na sha raka shi ranar da ba ni da aiki. Abu na farko da yake yi shi ne fasa ƙanƙarar da ta rufe bokitan ruwa, sannan ya sirka da ruwan zafi daga buta. Ya ce doki ba ya son ruwa mai tsananin sanyi, zai ƙi sha ya yi ta cin busasshiyar ciyawa, kwana biyu sai ciwon ciki. Yakan cusa hannu ƙarƙashin bargon kowane doki ya ji ɗumin jikinsa, don a ganinsa lulluɓi ya yi yawa ma cuta ne. Ƙarfen linzami kuwa sai ya ɗumama shi a tafin hannunsa kafin ya sa a bakin dabba. Idan an yi dusar ƙanƙara yakan shafa basilin a cikin kofato, kada ta dunƙule a ciki doki ya riƙa tafiya kamar a kan ƙwallo. Kuma ba ya rufa wa doki bargo da gumi a jikinsa. Zai ja shi a ƙasa yana zagayawa har ya bushe, ko da yatsunsa sun ƙage.

Dokarsa ɗaya ce ba ta da sassauci. Kowace safiya yakan fita bakin hanyar da ake bi zuwa fili ya buga dunduniyarsa a ƙasa. Idan ƙasa ta amsa kamar siminti, ranar ba mai hawa. Na ga Turawa sun kama lokacin hawa tun mako guda, sun zo da shirinsu, ya mayar da su gida. Mai bargar takan yi gunaguni, amma ba ta taɓa tsallake maganarsa ba.

Wannan ne mutumin da aka ce mana ya ɗaura sirdi a safiyar da ta fi kowace sanyi a wancan hunturun, ya hau wata goɗiya shi kaɗai, ta zame a hanya ta kayar da shi. Aka ce goɗiyar ce ta dawo barga ba kowa a kanta, da aka bi sawu aka same shi a kwance. Bai kai asibiti da rai ba. An yi bincike kamar yadda ake yi a nan, aka rubuta haɗari. Ban ga laifin masu binciken ba, abin da aka gaya musu suka rubuta, kuma mu a lokacin babu abin da muke roƙo sai a ba mu gawa mu yi masa sutura.

Sai bayan kwana uku na je bargar kwaso kayansa. Hular kwanonsa na rataye a ƙusarta. Takalman hawansa na ƙarƙashin benci, a goge. A jakar da aka ba mu daga asibiti kuwa takalman roba ne, waɗanda yake sharar barga da su, da wata igiyar ragama a aljihun rigar sanyinsa. Mai hawa ba ya buƙatar igiya a aljihu. Mai bin dokin da ya kufce ne ke ɗaukarta.

Sirdin goɗiyar na nan a rataye da taɓonsa, domin mai wanke shi ne ya mutu. Na tsaya ina kallon likkafun. An ɗage su sama ƙwarai, daidai ƙafar gajeren mutum. Da Yaya ya hau a haka, da gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa. Na tambayi mai bargar wa ya hau sirdin nan na ƙarshe. Ta ce ita tana cikin gida lokacin, ba ta ga komai ba, ta kuma ce wataƙila waɗanda suka kama goɗiyar ne suka ɗage likkafun. Yana yiwuwa. Amma tana maganar tana kallon bango.

Goɗiyar ta wani Alhaji ce, ɗan arewa kamarmu, mai gida a tsakiyar Landan, wanda kan shigo 'yan kwanaki ya koma. Ba zan faɗi sunansa ba. Anti Binta ta tuna cewa ana gobe abin zai faru Yaya ya dawo ransa a ɓace, ya ce Alhaji ya kira yana son hawa da safe kafin jirginsa, shi kuma ya gaya masa ƙasa ba za ta saki ba. Alhajin bai hau jirgi ba. Ya zo ta'aziyya gidansu ranar addu'ar uku, gajeren mutum mai fara'a, yana ɗingishi, hannunsa na hagu a cikin babbar riga bai fito da shi ba har ya tafi. Ya ce a bayan gida ya zame. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda mai karyayyen ƙashin wuya ke zama a kujera.

Abin da zuciyata ta harhaɗa shi ne: wani ya zo ya ɗaura sirdi da kansa yayin da Yaya ke can baya wajen ruwa, ya fita, goɗiya ta zame ta yar da shi, ta firgita. Yaya ya bi ta a guje da igiya, a kan ƙanƙara, da takalman roba. Ko ta harbe shi, ko ta banke shi, Allah ne masani. Na kai maganar ga dattawanmu na unguwar Tottenham, waɗanda suka tsaya mana a kan jana'iza. Suka saurare ni har ƙarshe, sannan babbansu ya ce kwana ne ya ƙare, tonawa ba za ta dawo da shi ba, kuma in ji tsoron ɗora wa Musulmi abin da ban gani da idona ba. Anti Binta na takaba da yara biyu. Na bar maganar a nan.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yadda sana'arsa ta koma. Na leƙa wata barga bara, na ga kyamara a kowane lungu, mai doki na zaune a ofis yana kallon dabbarsa a waya. Akwai bokitan da ke ɗumama ruwa da kansu. Na san zai yi dariyar wannan, ya ce waya ba ta jin ɗumin jikin doki. Amma kyamarar, ban sani ba. Da akwai guda ɗaya a ƙofar bargarsu a wancan lokaci, da ban shekara tara ina auna tsawon likkafa a raina ba. Ita tsohuwar bargar an rushe ta, gidaje ne a wurin yanzu, mai ita kuma ta bar gari ba wanda ya san inda ta koma.

A bazarar da ta wuce na haɗu da Alhajin a wata walimar aure a unguwar Lewisham. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ban shirya ba, ƙafata ce kawai ta kai ni gabansa. Na gaishe shi, na ce ni ƙanwar Habibu ce mai dawaki. Ya daɗe yana kallona.

"Allah ya jiƙan Malam Habibu," ya ce. "Ya fi mu duka sanin dabbar nan. Sai da ya ce kada a fita."

"Kada wa ya fita, Alhaji?"

Ya gyara riƙon sandarsa ya ce, "Hajiya, ki sa mu a addu'a." Daga nan aka zo aka kama hannunsa zuwa teburin manya. Ban bi shi ba. Na koma na zauna, abincin gabana ya huce ban taɓa ba.

Iyakar abin da nake da shi ke nan, kuma na san ba zai tsaya a gaban kowane alƙali ba. Mai yiwuwa tsoho ne kawai da harshensa ya zame. Mai yiwuwa na zalunce shi shekara tara, in kuwa haka ne ina neman gafarar Allah da tasa.

Abin da ba na shakka a kansa shi ne wanda aka rubuta a takardar binciken ba yayana ba ne. Takarda ta ce mutum ne da ya yi ganganci da dabbar da aka ba shi amana. 'Ya'yansa sun girma, suna jin Hausa suna amsawa da Turanci, kuma wata rana za su nemi takardar nan su karanta. Ina so su tarar da wannan a gefenta. Ubansu ya yi shekaru yana fita cikin sanyin da ba na ƙasarsa ba don dabbobin da ba nasa ba su sha ruwa mai ɗumi, kuma babu doki ko ɗaya da ya taɓa karyewa a hannunsa. Allah ya yi masa rahama, ya haskaka makwancinsa. Wanda kuma ya san abin da ya faru a safiyar nan, Allah ya ba shi ƙarfin faɗa tun yana da numfashi.